Yadda talaka zai rubuta waƙa a Saudiyya har ya ci abinci da ita

Ɗan uwa, in kana zaune a Jidda ko Makka ko Madina, Allah ya baka baiwar haɗa baiti amma aljihu babu komai, toh wannan bayanin naka ne, ke ma 'yar uwa da kike aikatau kina rera abinki a kicin ba wanda ya sani, har da ke nake. Abin da na fahimta a harkar nan shi ne talauci baya hana mutum rubuta waƙa mai kyau, biro da littafi ai ko a baƙala ka samu da canjin da ya rage maka. Ɓarnar talauci tana wajen sayarwa. Ranar da mai shigga ya matsa maka lamba akan kuɗin haya, ranar ce wani zai turo maka abin da bai taka kara ya karya ba ya ɗauke waƙar da ka kwana kana gyarawa, ya hau ta, ta zaga duniya, ko sunanka baza a ambata ba. Duk matakan da zan kawo don toshe wannan ƙofar ne.

Mataki na farko: kar ka saki aikin da kake ci da shi

Ko wankin mota kake, ko tuƙi a gidan Larabawa, ko dako a kasuwa, ko gashin tsire, riƙe shi da hannu biyu. Na san wannan ba ita ce maganar da matashi yake son ji ba, amma zaman nan ba irin na gida bane da zaka kwana a shagon yayanka ka ci tuwo gidan gwaggo. A nan komai kuɗi ne. Igama, wato takardar izinin zama, sai an sabunta, mai iyali kuma tun daga 2017 aka ɗora masa kuɗin kowane mutum ɗaya da ke ƙarƙashinsa, aka fara da riyal 100 a wata, zuwa 2020 ya kai 400, a shekarar ne kuma harajin kaya ya koma kashi 15 cikin ɗari. Ga rusau ɗin da aka fara a Jidda a ƙarshen 2021 wanda ya tashi su Sabil da Karantina da Gulel, mutanenmu suka watsu, hayar da aka saba biya da sauƙi ta zama tarihi. Mutumin da yake cikin wannan halin in ya ajiye aiki yace shi mawaƙi ne, wallahi cikin wata biyu zai fara tallan waƙoƙinsa kamar kayan gwanjo.

Sai ka yanka wa waƙa lokacinta a cikin ranar. Ni na fi ganin amfanin bayan asuba, kai a sake yake, 'yan ɗaki suna barci, zafi bai taso ba. Direban gida kuma ya fi kowa sa'a, don rabin aikinsa jira ne, a ƙofar makaranta, a ƙofar asibiti, a ƙofar kanti. Wannan jiran da wasu ke ƙonawa a TikTok shi ne ofishinka.

Mataki na biyu: koyi aikin da kansa

Nan zan daɗe, don nan ne mafi yawa suke tsallakewa. Baiwa daban, iya aiki daban. Akwai abubuwa uku da dole kunnenka ya san su: amsa-amo, da kari, da amshi.

Amsa-amo shi ne gaɓar da ɗangogi, wato layukan baiti, ke ƙarewa da ita, wasu suce ƙafiya. Kari kuma shi ne awon da ke sa ɗango ya zauna daidai a baki, kuma a Hausa ana auna shi ne da nauyin gaɓa. Gaɓa irin "da" ko "gi" ta cikin "gida" mara nauyi ce, irin su "wan" da "tun" da "mai" masu nauyi ne, haka duk gaɓar da ake jan wasalinta. Matsalar ita ce rubutun boko baya nuna jan wasali, baya nuna hawa da saukar murya, don haka ido bazai taɓa gaya maka ɗango ya karye ba, sai ka rera shi da ƙarfi kana buga cinya. In ka ji kana haɗiye wata kalma da sauri don ta shiga, ko kana jan wata fiye da yadda ake faɗinta a magana, toh ɗangon nan da gyara. Ga misali da na haɗa yanzu don ka gani:

Na wanke motar mutane tun da asuba,
Na koma gida a ƙafa, ban ce komai ba.

Ƙirga gaɓoɓin, kowane ɗango 13 ne, amsa-amon kuma "ba". Wannan ƙwar biyu kenan, wato baiti mai ɗango biyu, kuma da ita nake ba mai koyo shawara ya fara kafin ya taɓa ƙwar huɗu ko ƙwar biyar. Amma lura da wani abu, "ba" ita ce amsa-amo mafi arha a Hausa saboda jimlolin korewa da yawa da ita suke ƙarewa, shi yasa kowa ita yake kamawa. Fara da ita, ba laifi, amma ka ɗora wa kanka aikin yin waƙa guda a kan "ri" ko "ka" ko "wa" daga farko har ƙarshe ba tare da ka maimaita kalma ba. Ware shafi a bayan littafinka kana tara kalmomi masu ƙarewa iri ɗaya, duk inda ka ji sabuwa a bakin wata tsohuwa ko a rediyo ka rubuta.

Ka kuma duba abin da baitin ya faɗa. Bai ce rayuwa da wuya ba, bai ce duniya ba tabbas ba, waɗannan kowa ya faɗe su har sun gaji. Ya nuna mutum ne da ya wanke motocin wasu ya tafi gida a ƙasa. Abin da kake gani a nan kullum, mawaƙin da ke zaune a Kano bai taɓa ganinsa ba: dattijon da ya shekara talatin bai ga garinsu ba, matar da ke renon 'ya'yan wasu nata suna hannun kaka, kiran bidiyo ranar sallah da ake yi ana murmushi ana ɓoye hawaye, yaron da aka haifa a Makka wanda a nan ake ce masa baƙo in ya je gida ma a ce masa baƙo. Wannan jarinka ne kuma babu mai ƙwace shi. Dan Allah kar ka bar shi ka koma kwaikwayon waƙar soyayyar da mutum dubu ke yi a gida sun fi ka kayan aiki.

Amshi kuwa shi ake saya. Ya zama gajere, wanda yaro zai kama a ji biyu. In ka rera wa abokin ɗakinka amshi da dare, washegari ka ji yana yinsa a banɗaki bai sani ba, an gama. In bai yi ba, sake wani, kar ka yi ta masa bayanin ma'anar da ke ciki.

Waɗanda aka haifa a nan, Hausarku ta cakuɗu da Larabci kuma kun sani. In waƙar bikin 'yan nan ce wannan ado ne, amarya ma ta fi jin daɗin a sako mata Larabcin Hijaz a tsakiya. In kuwa kasuwar gida kake nufi, sami wani dattijo ko wata inna da ta zo da girmanta ka karanta mata, duk inda ta yamutsa fuska ka sa alama.

Kuma in zuciyarka ta fara raya maka cewa sai ɗan gata ke yin suna, tuna Ɗan Maraya Jos, sunan ma daga maraicinsa ya samo shi, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya har ya rasu a 2015. Aliyu Namangi makaho ne, amma har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa saboda waƙa. Mata kuma ga Nana Asma'u 'yar Shehu, da ta yi waƙoƙi da Hausa da Fulatanci da Larabci aka riƙa karantar da mata da su. Wannan sunan nata yana da amfani ranar da Baba zai ce ɗansa bazai zama maroƙi ba. Kar ka yi musu da shi, kar ka ɗaga murya. Rubuta waƙa akan biyayyar iyaye ko akan Manzon Allah, ba kiɗa, ka rera masa shi da Umma bayan isha. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, wannan sananne ne, kuma in gidanku ba a yarda da shi ba hanyar rubutawa da rerawa babu kiɗa a buɗe take, tana da masu saurarenta sosai a ƙasar nan.

Mataki na uku: ɗauki murya da abin da ke hannunka

Wayarka ta isa. Sa ta a yanayin jirgi don kar kira ya shigo, kashe na'urar sanyaya ɗaki na ɗan lokaci don ƙararta tana shiga, ajiye wayar kamar taƙi ɗaya daga bakinka, ɗan karkace kaɗan saboda iskar "f" da "b". Ɗaki mai tayil da bango tsirara yana amsa kuwwa, don haka ka fuskanci inda aka rataye kaya ko ka kewaye kanka da bargo. Cikin mota a kashe da gilashi a rufe ya fi ɗakuna da yawa, sai dai a zafin Jidda da dare kawai zaka iya. Akwai manhajar BandLab, kyauta ce, zaka iya ɗora murya akan murya ka yi wa kanka amshi. In ka tashi sayen makirfo duba Haraj ko kasuwar Sawarikh ka sayi na hannu, amma ka gwada kafin ka biya.

In zaka tura wa mai kiɗa muryar da za'a yi aiki da ita, kar ka tura ta a matsayin saƙon murya na WhatsApp, yana matse ta ta lalace. Tura ta a matsayin fayil, ko ta Telegram ko Google Drive.

Mataki na huɗu: kashe a naira, samu a riyal

Wannan ita ce damar da mazaunin nan yake da ita wadda na gida bashi da ita, kuma da yawa suna yin ta a juye. Riyal a ɗaure yake da dala, 3.75 ne tun shekaru aru-aru, naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta faɗi warwas. Ma'ana abin da ka tara daga albashi a nan, in ka kai shi sitidiyo a Kano ko Kaduna ko Jos zai yi maka kiɗa da 'yan amshi da gyaran murya, alhali a nan ko ƙofar sitidiyo bazai kai ka ba, kuma mai kiɗan gida ya san kalangu ya san abin da kunnen Bahaushe ke so. Amma in ka sayar da rubutunka a naira ka canza shi zuwa riyal, sai ka ga ko cajin waya bai kai ba. Don haka aikin a can, kasuwar a nan.

A ce kana ɗaukar riyal 1,500 a wata, ware 100 kawai na waƙa, kar ka taɓa na Inna da kake aikawa gida. Ko ka shiga adashe da mutanen da ka yarda da su, ranar ɗaukarka ta zama ranar sitidiyo. Wajen zaɓen mai kiɗa kuma, ka nemi ya turo maka aikin da ya yi wa wasu, ka tambayi wanda ya taɓa aiki da shi, ka fara da waƙa ɗaya, rabin kuɗi kafin aiki rabi bayan ka ji. Ka ce masa tun farko bayan waƙar da aka gama kana son kiɗan zalla babu murya, da muryoyin daban-daban, don wataran zaka buƙace su. Agogonmu yana gaban na Najeriya da awa biyu, su kuma masu sitidiyo 'yan dare ne, sai ka shirya barcinka. Kuɗi ka tura ta hanyar da hukuma ta sani irin Enjaz ko Tahweel na Rajhi, rasit ɗin nan shaida ce.

Toh ina kasuwar riyal ɗin? Biki. Babu satin da za'a yi a Jidda da Makka ba'a ɗaura auren Hausawa ba in ka cire lokacin azumi da aikin hajji, kuma kowace amarya tana son waƙar da aka ambaci sunanta da na ango da na iyaye da ƙawaye. Ga suna, ga walimar saukar Alƙur'ani, ga masu sana'a da ke son a yi wa abincinsu ko turarensu waƙa. Ta farko ka yi wa wani na kusa da kai kyauta, amma ka yi ta kamar an biya ka miliyan, ka sa sunanka a ƙarshe. Mata ne kasuwar nan, in waƙar ta shiga wayar ƙawayen amarya ta gama tallata kanta. Daga ta biyu kuma ka sa farashi, kar ka ce "ko nawa ne Hajiya", wannan kalmar ita ke kashe masu sana'a. Karɓi kafin alƙalami, ka nemi a rubuto maka sunaye daidai da kirarin dangi da garin da suka fito, don sunan uwar ango ɗaya da ka manta zai iya ɓata maka aikin gabaɗaya. Ke kuma 'yar uwa, ba dole sai an ga fuskarki ko an ji muryarki ba, rubuta ki ba wata ta rera, kuma ke kin fi mu sanin abin da ake faɗa a wajen kamu da lalle.

Mataki na biyar: rubuta yarjejeniya ko da ɗan uwanka ne

Wata rana mawaƙi daga gida zai ji aikinka ya ce ka rubuta masa. Murna zata kama ka, a nan ne kuma ake yanka mutane. Kar ka tura waƙa gabaɗaya. Tura amshi da baiti ɗaya da muryarka, in ya yi masa ku yi ciniki. Sannan ku rubuta, ko a WhatsApp ne, da kalmomi ƙarara: sunan waƙar, nawa za'a biya da yaushe, za'a sa sunanka a matsayin marubuci a bidiyo da duk inda aka ɗora ta, wa zai ɗora ta a YouTube, kuma kana da kaso a abin da ta kawo ko babu. In ya ce ai mu 'yan uwa ne ba sai an rubuta ba, ka tuna masa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, akan rubuta bashi ta sauka. Ba rashin yarda bane.

Ka bambanta abu biyu: ba shi izinin ya rera, da sayar masa da ita ɗungurungum. Na biyun in ka yi ka fita, ko a fim aka sa ta ko kamfani ya ɗauka talla baka da ta cewa. Ban ce kar ka taɓa yi ba, wataran uwa ce a asibiti kuma dole ce, amma in zaka yi ka san abin da ka sayar, kuɗinsa ya ninka, kuma ko a hakan ka tsaya kai da fata sai an sa sunanka. Sunan ne zai kawo maka mutum na gaba. Shi yasa na ce ka riƙe aikinka tun farko, mai albashi ne kawai yake iya cewa a'a.

Shaida kuma ka tara ta tun kafin rigima. Kowane shafi ka sa kwanan wata, kowace waƙa ka tura wa kanka ta imel da rubutun da muryar ranar da ka gama. Haƙƙin mallaka yana tabbata ne da zarar ka rubuta ko ka naɗa, Saudiyya da Najeriya duk suna cikin yarjejeniyar Berne ta kare haƙƙin mallaka tsakanin ƙasashe. A Najeriya an sa hannu akan sabuwar dokar haƙƙin mallaka a Maris 2023 kuma hukumar haƙƙin mallaka ta NCC tana karɓar rajista ta intanet, a nan kuma hukumar SAIP ce ke kula da wannan fannin.

Mataki na shida: buɗe taka tashar

Buɗe YouTube da sunanka, da imel ɗinka, da lambarka, kar ka bar wani ya buɗe maka ya riƙe kalmar sirri. Hoto ɗaya da baitocin suna wucewa ya isa, ba sai bidiyo ba. Kafin su fara biyan kuɗin talla sai ka kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, kuma basa turo kuɗi sai ya kai dala 100, wato riyal 375. Kaga wannan ba abin da zaka jingina haya da shi bane a shekarar farko, ajiya ce. Ka sa a Audiomack ma don mutanen gida suna amfani da shi, gutsuren amshi kuma ka sake shi a TikTok. Masu cewa ka biya su saya maka mabiya, ka rabu da su, mabiyan bogi basa kallo.

Abin da zai iya rusa komai a dare ɗaya

Ƙasar nan ta canza, an kafa hukumar nishaɗi a 2016, hukumar kiɗa a 2020, ana manyan wasanni a Riyad da Jidda. Amma kai baƙo ne mai igama, kuma yin wani aikin kuɗi ba wanda ke kan igamarka ba saɓa doka ne, don haka kafin ka hau dandamali a zauren biki ko ka fara tallan kaya a shafinka, ka tambayi wanda ya san dokar da gaske, ba ɗan majalisar shayi ba. Siyasar ƙasar nan ba taka bace, rigimar aƙida da habaici ga wata ƙabila ma haka. Dokar laifukan intanet ta 2007 tana kai mutum har shekara biyar a gidan yari da tarar da ta kai riyal miliyan uku akan abin da aka ga ya taɓa addini ko tarbiyya ko zaman lafiya. A 2020 wata matashiya ta saki waƙa akan 'yan matan Makka, hukumar yankin Makka ta ba da umarnin a kama ta da waɗanda suka yi aikin. Kar ka ɗauki bidiyon waƙa a kusa da Harami, kar ka ɗauki fuskar mutane ba izini. Wanda kuma takardunsa basu cika ba, ya tsaya a rubutu, ya bar fitowa a kyamara.

Maganar barin aiki kuwa, sai ka ga kuɗin waƙa kaɗai yana biyan haya da abinci da na aikawa gida wata shida a jere, kuma kana da ajiyar wasu watannin a gefe. Ko a lokacin ma in Kano kake son komawa don ka shiga harkar sosai, kar ka fara da bizar fita ta dindindin. Nemi hutu wajen kafili a buga maka ta fita da dawowa, ka je ka zauna a sitidiyoyin Zoo Road ka ga yadda ake ciniki da idonka, ka haɗu da waɗanda ka daɗe kana tura wa kuɗi baka taɓa ganinsu ba, in zaka saki aiki a can ka bi ta hukumar tace fina-finai ta jihar don mawaƙa ma suna ƙarƙashinta, sannan ka duba ranar da bizar zata ƙare ka sayi tikitin dawowa tun kafin ka tashi daga Jidda.